Ɗamarar Puppia a jikin Ciwawa: ta sauke wa maƙogwaro nauyi, amma a auna kai kafin a saya

Duk wanda ya taɓa ɗaukar Ciwawa ya shafa wuyansa zai gane dalilin da ya sa ba a son ɗaura masa igiya a wuya. Wuyan siriri ne, babu tsokar kirki da ta lulluɓe maƙogwaron, har yatsa kan ji zobban guringuntsin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya sa masu kiwon irin wannan kare suka koma ga ɗamarar ƙirji, wato 'yar rigar nan da ke zagaye ƙirji da kafaɗa, a maƙala mata igiya ta baya. Cikin waɗanda suka fi yawo a hannun mutane akwai Soft Harness ta kamfanin Puppia na Koriya ta Kudu, ita ce muka sa a gaba. Hukuncin tun daga farko shi ne: ɗamara ce mai laushi, marar nauyi, ta kuma yi aikin da aka fi buƙata, wato ɗauke matsi daga maƙogwaro. Sai dai ƙofar wuyanta ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, kuma Ciwawa kare ne mai ƙaton kai da siririn wuya. A nan gizo ke saƙar.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata a san karen da ake yi wa ɗinkin. Sunansa daga jihar Ciwawa ta arewacin Meksiko ya samo asali, wadda ake rubutawa Chihuahua, kuma haka za a ga sunan a jikin kayan da ake sayarwa. A can ne Amurkawa suka riƙa sayen waɗannan ƙananan karnuka a ƙarshen ƙarni na 19 suna tsallakawa da su gida. Galibi ana danganta shi da Techichi, wani ɗan kare da mutanen Toltek suka kiwata a tsakiyar Meksiko tun kafin zuwan Sifaniyawa. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa akwai ɓurɓushin jinin tsoffin karnukan nahiyar Amurka a jikinsa, amma kaɗan ne, mafi yawan jininsa na karnukan da Turawa suka zo da su ne. Ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, AKC, ta yi wa Ciwawa na farko rajista a 1904, aka kafa kulob ɗin masu kiwonsa a 1923, a 1952 kuma aka raba shi gida biyu: mai gajeren gashi da mai dogon gashi.

Abin da ya shafi ɗamara kai tsaye a cikin wannan tarihi shi ne siffar da masu kiwo suka zaɓa suka dawwamar. Ƙa'idar AKC ta ce kada nauyinsa ya wuce fam 6, wato kilo 2.7, kuma ƙoƙon kan ya zama kewayayye mai tudu kamar tuffa. Shekara sama da ɗari ana tace wannan siffa, sai aka samu kare mafi ƙanƙanta a duniya ɗauke da kai mai faɗi, idanu manya da suka ɗan turo, ga kunnuwa a tsaye masu faɗin gindi. Da yawansu kuma ana haifarsu da maɗiga a buɗe kamar ta jariri, wasu ta rufe da girma, wasu ta zauna haka har tsufa. Akwai kuma waɗanda ake kira masu kan barewa, kansu ya fi tsawo da sirantaka, jikinsu ma kan ɗara na sauran girma. Waɗannan ba su cika samun matsalar da za mu yi magana a kai ba. Wanda ake tallatawa da cewa ɗan mitsitsi ne da zai shiga kofin shayi kuwa, ba wani jinsi ba ne na daban, babu ƙungiyar kirki da ta amince da shi, kuma shi ne ya fi kowa rauni a ƙashi da lafiya.

Me abin wuya ke yi wa irin wannan jiki

Maƙogwaron kare bututu ne da zobban guringuntsi ke riƙe da shi a buɗe. Zobban ba su haɗe ba, kamar ƙarfen kofaton doki suke, wata siririyar fata ce ta rufe gefen sama. A ƙananan karnuka irin su Ciwawa da Yorkshire da Pomeranian, guringuntsin kan yi laushi da shekaru, zobban su baje, fatar sama ta lotso ciki, hanyar iska ta tsuke. Likitocin dabbobi sun kasa wannan lalura mataki huɗu, daga raguwar kusan kashi 25 cikin ɗari na faɗin bututun, zuwa 50, zuwa 75, har zuwa inda ya kusa rufewa gaba ɗaya. Alamarta busasshen tari ne mai ƙara kamar kukan dinya, yana tasowa idan kare ya yi zumuɗi, ko ya sha ruwa da sauri, ko aka taɓa masa wuya.

Gaskiyar magana, ba abin wuya ke haifar da laushin guringuntsin ba, rauni ne da karen ke ɗauke da shi a halittarsa. Amma duk fizgar da aka yi masa a wuya tana matse bututun da dama ya yi laushi, ta tayar da tari, tarin ya kumbura fatar ciki, kumburin ya ƙara tsuke hanya, tarin ya ƙaru. Da zarar an shiga wannan zagaye, fita da wuya. Ga kuma ido: wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya gano cewa matsin cikin idon kare yana hawa idan ya ja igiya da abin wuya, amma bai hau haka ba da aka sa masa ɗamara. Ga karen da idanunsa ke zaune a rami marar zurfi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan a ƙananan karnuka akan samu wanda gaɓar da ke tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu ba ta da ƙwari, fizga ɗaya mai ƙarfi tana iya taɓa lakar baya. Mutum mai kilo 70 ya ninka kare mai kilo 2 sau 35. Abin da hannunsa ya ɗauka a matsayin ɗan jan hankali, a wuyan karen duka ne.

To, a wannan fage ɗamarar Puppia ta ci jarrabawa. An yi ta da yadin foliyesta mai raga-raga, mai ɗan kauri kamar soso, an bi bakinsa da lallausan ƙyalle. Gaban ya yi faɗi ya rufe ƙirji, ya bi ta tsakanin ƙafafun gaba, sai bel guda ɗaya ya zagaye haƙarƙari ya rufe da maɓallin roba. Zoben ƙarfen da ake maƙala igiya yana baya, saman kafaɗu. Idan kare ya ja, nauyin kan faɗin ƙirjin yake sauka, ba kan siririn layi ɗaya ba. Ba ta da tarkacen ƙarafa da igiyoyi, kuma wannan abin yabo ne babba, domin yawancin ɗamarar da ake cewa ta ƙananan karnuka ta manya ce aka rage mata tsawo aka bar mata maɓalli da zobe masu nauyi. Kare mai kilo 2 yana jin kowane giram. Ciwawa mai gajeren gashi, wanda fatar hammatarsa da ƙirjinsa kusan tsirara take, zai fi jin daɗin wannan yadi a kan bel ɗin nailan zalla mai goge fata.

Inda ta gaza

Ana sa ta ne ta kai. A zura kan kare a ƙofar wuya, a ɗaga ɗaya daga ƙafafun gaba a shigar da ita ta gefen da bel ɗin yake a rufe, a zagayo da bel ɗin ta bayan ɗaya ƙafar, a danna maɓalli. Bel ɗin ƙirji ana iya ƙara shi ko a rage. Ƙofar wuya kuwa yadda aka ɗinka ta haka take, sai ɗan miƙewar da yadin ke yi. Ke nan dole ƙofar ta isa kai ya wuce, kuma dole ta zauna daidai a gindin wuya bayan kan ya wuce. A karen da kansa da wuyansa suka yi kusan kai ɗaya, wannan ba matsala ba ce. A Ciwawa mai kan tuffa, tazarar da ke tsakanin zagayen kai da zagayen wuya tana da yawa, sai mai saye ya tsinci kansa a tsaka mai wuya.

Idan ya zaɓi ƙaramar, ƙofar za ta cije a goshi da gindin kunnuwa. Kullum sai an murɗa, an lanƙwashe kunne, an danna saman kai, daidai wurin da maɗigar take idan ba ta rufe ba, kuma yadin na iya gogar ido wajen cirewa. Kare ba ya manta irin wannan. Kwana kaɗan za a ga da ya hango ɗamarar sai ya shige ƙarƙashin kujera, ko ya fara gurnani, mai shi kuma ya ce taurin kai ne. Ba taurin kai ba ne, zafi ya ji. Idan kuma ya zaɓi babbar don kai ya wuce cikin sauƙi, ƙofar za ta yi wa wuya yawa. Abu biyu ke biyo baya. Na farko, gaban ɗamarar ya zame ya sauko kan gaɓar kafaɗa ya takura tafiya, wani lokaci ma ƙafar gaba ta faɗa cikin ƙofar wuyan. Na biyu, wanda ya fi haɗari, karen ya iya zarewa. Duk ƙofar da kai ya shiga ba tare da wahala ba, zai fita ba tare da wahala ba.

Yadda zarewar ke faruwa iri ɗaya ne kusan ko da yaushe. Wani abu ya tsorata kare, babur ko babban kare ko yaro da ya rugo. Sai ya ja da baya yana fuskantar mai shi, ya sunkuyar da kai, ya miƙe ƙafafun gaba. Mai shi kuma cikin firgici ya ja igiya zuwa gaba. Wannan jan shi ke cire ɗamarar ta kai kamar yadda ake tuɓe singileti, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu kare ya tsaya tsirara a bakin titi. Maganin a lokacin shi ne a sassauta igiya nan take, a taka zuwa wajen karen ko a zagaya ta bayansa, a durƙusa a ɗauke shi. Ba a ja in ja da Ciwawa mai ja da baya, ɗamarar ce za ta faɗi.

Saboda haka awo uku ake yi kafin a saya, ba biyu ba kamar yadda aka saba. A samu tef irin na tela. A auna ƙirji a wuri mafi faɗi, ɗan bayan ƙafafun gaba, kare yana tsaye ba a zaune ba. A auna gindin wuya inda ya haɗu da kafaɗa, ba can sama inda abin wuya ke zama ba. Sannan a auna kai a wuri mafi faɗi, tef ya bi ta gaban kunnuwa ya zagayo ta ƙarƙashin muƙamuƙi, kunnuwan a kwance. A ɗauki waɗannan lambobi a gwada da jadawalin awon kamfanin na wannan samfurin takamaimai, domin harafin XS ko S a samfuri ɗaya ba lallai ya yi daidai da na wani ba, ko da kamfani ɗaya ya yi su. Kada a saya da nauyin kare kaɗai. Idan awon kai ya zarce ƙofar wuya sosai alhali awon ƙirji yana cikin wannan girman, to wannan samfurin ba na karenka ba ne, kada ka tilasta.

Abin daɗin shi ne kamfanin da kansa yana da mafita biyu. Akwai RiteFit, wadda yadinta da siffarta kusan ɗaya ne da wannan amma wuyanta yana buɗewa kuma ana iya daidaita shi, don haka ba sai an zura ta kai ba. Akwai kuma Soft Vest Harness, wadda kare ke taka ƙafafunsa ciki a ɗago ta a rufe ta baya da mannen Velcro da maɓalli. Ga Ciwawa mai kan tuffa, RiteFit ta fi dacewa a ganinmu. Ta biyun ta fi sauƙin sawa ga karen da ke tsoron a taɓa masa kai, amma iyakar daidaitawarta ita ce faɗin mannen, kuma ƙarar ɓare Velcro dab da kunne tana firgita wasu, ga shi yana kama dogon gashi. Ita Soft Harness ta asali ta fi zama daram a jikin mai kan barewa da barbarar yanyawa, wato wanda aka haɗa Ciwawa da wani ƙaramin kare.

Bayan an sa, a gwada a cikin gida, ƙofa a rufe. A zura yatsa ɗaya a kwance ƙarƙashin bel ɗin ƙirji. Ga manyan karnuka yatsa biyu ake cewa, amma yatsa biyu a jikin kare mai kilo 2 sarari ne da zai isa gwiwar hannunsa ta fice. A duba cewa bakin ƙofar wuya ta gaba yana zaune kan ƙashin ƙirji, ba ya hawa kan maƙogwaro, domin idan ya hau, an gudu ba a tsira ba, an sayi abin wuya mai faɗi kawai. A duba cewa bel ɗin ya bar ɗan fili bayan hammata. Sai a tsaya a gabansa a ja igiya a hankali zuwa sama da gaba. Idan ɗamarar ta fara hawa kan ƙeya, a titi ma haka za ta yi. Ga karen da aka san matsoraci ne, a sa masa siririn abin wuya marar nauyi mai ɗauke da lambar waya, a haɗa shi da zoben ɗamara da 'yar gajeriyar igiyar tsaro mai sako-sako. Jan yana kan ɗamara, abin wuyan na ko-ta-kwana ne.

Halinsa, da abin da ɗamara ba za ta gyara ba

Ciwawa yana da kaifin hankali, yana lura da komai, yana kuma manne wa mutum ɗaya ko biyu ƙwarai, har ya riƙa kishinsu. Zuciyarsa ta fi jikinsa, zai tsaya ya yi wa karen da ya ninka shi sau goma haushi. A wani bincike da masana na Jami'ar Pennsylvania suka buga a 2008 kan bambancin faɗa tsakanin jinsunan karnuka, Ciwawa ya fito cikin na gaba-gaba wajen kai wa baƙi da masu gida cizo ko yunƙurin cizo, tare da Dachshund. Wanda ya san karen ba zai yi mamaki ba, amma zai ce yawancin wannan faɗa tsoro ne. Dabbar da tsayinta bai fi taƙi ɗaya ba tana rayuwa tsakanin ƙafafu da hannayen da ke saukowa daga sama ba sallama. Idan ta kauda kai ba a kula ba, ta lashe baki ba a kula ba, ta yi gurnani aka yi dariya, abin da ya rage mata haƙori ne. Ƙanƙantarsa kan sa a bar shi ba horo, abin da ba za a taɓa yarda babban kare ya yi ba shi sai a ƙyale shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga mako 3 zuwa wajen mako 14 na rayuwa shi ne lokacin da kwikwiyo ke karɓar sabon abu ba tare da tsoro mai yawa ba. A cikinsa ya kamata ya ga mutane iri-iri, ya ji ƙarar mota, ya taka ƙasa iri daban-daban, ya haɗu da karnuka masu natsuwa waɗanda aka yi wa allurar rigakafi. A lokacin ne kuma ya kamata ya saba da ɗamara, amma a tuna kwikwiyo yana girma da sauri, ƙofar wuyan da ba ta ƙaruwa za ta matse shi cikin 'yan makonni. Ga kwikwiyo, samfuri mai buɗaɗɗen wuya ya fi, kuma a riƙa duba zaman ta kowane mako.

Sabar da shi ba ya buƙatar gaggawa. Kwana biyun farko a ajiye ɗamarar a ƙasa, duk sanda ya shinshina a ba shi ɗan abin lada da bai fi rabin ƙwayar wake ba. Kwana biyu na gaba a riƙe ƙofar wuyan a buɗe da hannu ɗaya, a miƙo ladan ta cikinta, ya zama shi ke zura kansa da kansa, ba ɗamarar ke bin sa ba. Bayan nan a rufe maɓalli, a bar ta minti ɗaya ko biyu ana wasa, a cire. Sai ya daina daskarewa a wuri ɗaya kafin a maƙala igiya. Kowane zama kada ya wuce minti uku zuwa biyar. Ladan ma a ƙirga shi: Ciwawa baligi mai kilo 2 yana buƙatar abin da bai fi kalori 200 ba a yini, lada kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan. Ƙarin giram 200 a jikinsa kashi 10 cikin ɗari ne na nauyinsa, kuma ƙiba tana tsananta tarin maƙogwaro da ciwon gwiwa duka biyu. Bel ɗin ƙirji ma'auni ne mai kyau, idan aka ga ana ta sassauta shi wata bayan wata ga karen da ya gama girma, a rage cima.

Tun da zoben a baya yake, wannan ɗamara ba ta hana ja. Hasali ma laushinta kan sa kare ya jingina ƙirjinsa ya ja da ƙarfinsa duka ba ya jin komai. Hannu ba zai gaji da jan kilo 2 ba, shi ya sa mutane ke ƙyalewa, amma karen da ke tafe igiya a miƙe yana haki shi ne wanda zai fara haushi da ya ga wani kare. Gyaran mai sauƙi ne, haƙuri yake so: igiya ta miƙe, a tsaya cak, ta yi sako-sako, a ci gaba. A yi amfani da igiya siririya mai tsawon mita 1.2 zuwa 1.8 da ɗan ƙaramin ƙugiya. Babban ƙugiya yana bugun kashin baya a kowane taku, yana kuma karkatar da ɗamarar gefe ɗaya. Igiyar nan mai naɗe kanta cikin akwatin roba ba ta dace da shi ba, domin kullum tana ɗan jan sa, idan kuma ta suɓuce daga hannu, akwatin zai bi shi yana ƙara a ƙasa, shi kuma ya ruga ba waiwaye.

Akwai wata ɗabi'a da laushin ɗamarar ke jawowa wadda ya kamata a bari: ɗaga kare sama da igiya kamar jaka idan an ga haɗari. Ba a yi ta don haka ba. Yana iya sulɓewa ta ƙasa, kuma faɗuwa daga tsayin ƙugun mutum ta isa ta karya siraran ƙasusuwan ƙafar gabansa. Hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ƙarƙashin gindi, haka ake ɗaukarsa. Kuma a bar shi ya taka ƙasa da ƙafafunsa. Minti 20 zuwa 30 a yini, a raba biyu, ya ishi yawancinsu. Tafiyar ce ke gina tsokar cinya da ke riƙe ƙoƙon gwiwa a mazauninsa, gocewar ƙoƙon gwiwa kuwa lalura ce da ta yi yawa a wannan jinsi. Idan aka ga yana tafe sai ya ɗage ƙafar baya ɗaya ya yi tsalle biyu ko uku sannan ya sauke ta, wannan ce alamar, a kai shi likita ya duba matakin da ta kai. A mota ma kada a dogara da wannan ɗamara, ta yawo ce, ba a ƙera ta don ta jure karo ba. Akwatin tafiya da aka ɗaure shi ya fi.

Batun zafi da sanyi. Ciwawa yana saurin rasa ɗumin jiki saboda ƙanƙantarsa, shi ya sa yake yawan rawar ɗari da shigewa cikin bargo, ko da yake zumuɗi da tsoro ma kan sa shi karkarwa. Ragar ɗamarar ba rigar sanyi ba ce. Idan za a sa masa riga, a sa ta a ƙarƙashi a sake daidaita bel, a kuma tuna a mayar da shi yadda yake ranar da aka cire rigar, domin nan ne ake yawan mantawa a fita da ɗamara sako-sako. A lokacin zafi kuwa, duk da ramukan iska, yadin ya rufe ƙirjin gaba ɗaya, kuma karen yana tafe ne dab da ƙasa mai turiri. A ɗora bayan hannu a kan kwalta na daƙiƙa biyar, idan ba a iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Kwikwiyo kuma kada a fita da shi da yunwa, domin sukarin jininsa yana faɗuwa da sauri. Kasala, tangaɗi da karkarwa bayan wasa alamu ne da ke buƙatar a shafa masa ɗan ruwan sukari a dasashi a garzaya wurin likita.

Ana yawan rikita tarin maƙogwaro da wani abu da ake kira atishawar baya, inda kare ke tsayawa ya miƙe wuya yana zuƙar iska ta hanci da ƙara kamar minshari. Wannan yakan wuce cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma galibi ba shi da illa. Tarin da ya ci gaba bayan an koma ga ɗamara, musamman a kare mai shekaru, ba batun canza kaya ba ne. Ciwawa yana kai shekara 14 zuwa 16, kuma ciwon bawul ɗin zuciya yana cikin abubuwan da ke kama shi da tsufa, shi ma tari yake kawowa. Idan harshe ko dasashi ya yi shuɗi-shuɗi, ba a jira gobe.

Wajen ƙarko, yadin yana jure wanki. A wanke da hannu a ruwa mai sanyi ko mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye sosai don ragowar sabulu na sa ƙaiƙayi a hammata, a shanya a inuwa. Na'urar busar da kaya tana iya tsuke ƙofar wuyan, wadda dama ita ce matsalar. Wanki sau ɗaya a mako ɗaya ko mako biyu ya isa. Da an dawo gida a cire ta. Idan aka bar ta a jiki, mai dogon gashi zai yi curi a hammata da bayan kunne, mai gajeren gashi fatarsa ta yi ja, kuma karen da ya gaji da zama zai sa haƙori. Yadin raga ba ya jure tauna, sannan muƙamuƙin ƙasa yana iya maƙalewa a ƙofar wuya idan ta yi sako-sako, ko ragar ta kama waya a cikin keji.

Wuraren da take fara mutuwa uku ne, a riƙa duba su duk bayan wanki: ɗinkin da ke riƙe zoben ƙarfe, haƙoran maɓallin roba, da bakin ƙofar wuya. Maɓallin da ya daina yin ƙarar nan ta "ƙas" idan an danna shi, ko yake buɗewa da an ja shi da hannu biyu, ya gama aiki. Bel ɗin ma kan sulale da kansa a hankali yayin tafiya, don haka gwajin yatsa ɗaya kafin kowace fita ake yin sa. Ƙofar wuyan kuma tana saki da yawan sawa da cirewa. Ranar da aka ga kan da a da sai an lallaɓa yake shiga yanzu yana wucewa salin-alin, a sake gwajin jan nan na cikin gida, idan ta hau ƙeya a canza ta ko da yadin bai yage ba.